Annoba, Hukunci da Ceto: Yadda Kalmomin Littafin Fitowa Suka Iso Bakinmu

  

Abin da ya jawo maganarmu ta yau wata gaisuwar mutuwa ce da na je a unguwar Yelwa cikin rani. Maigidan ya rasu da zazzaɓin Lassa. Na tarar da matarsa zaune a tsakar gida, waɗanda suka zo gaisuwa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Da na tashi tafiya sai ta biyo ni har bakin ƙofa ta ce, "Malam, ka gaya mini gaskiya. Ana ta cewa annoba irin ta Masar ce ta shigo gidan nan. Wane laifi baban yara ya yi?" Na ce, "Mama, sai haƙuri." Muka yi addu'a na kama hanya, amma zuciyata ta san ban amsa tambayarta ba.

Da na isa gida na sauko da littattafan da na yi karatu da su a makarantar Littafi Mai Tsarki, na shiga bin sawun kalmar annoba. Abin da na samu shi ne zan raba da ku yau. An ce waiwaye adon tafiya, to bari mu waiwaya.

Hanyar da Littafin ya biyo

Yawancinmu muna da harshenmu na gida. Wani da Sayanci ya tashi, wani da Jaranci, wani da Angasanci ko Tangale, amma da Hausa muke karanta Littafi Mai Tsarki, da ita muke waƙa da addu'a a majami'a. Saboda haka mun riga mun san wahalar juya magana. Sau nawa kaka takan yi magana da yare, jika ya juya wa baƙo da Hausa, kaka ta ce ita ba haka ta ce ba?

Da Ibrananci aka rubuta Tsohon Alkawari, in ban da 'yan wurare, yawancinsu a Daniyel da Ezra, da ke cikin harshen Aramiya. Masana harsuna sun ce Ibrananci da Larabci da Hausa, har da Sayanci da Angasanci da Tangale, dangi ne na nesa. Bahaushe ya ce mutu, Ba'ibrane ya ce mut. Da fari baƙaƙe kawai ake rubutawa, kamar ajamin da ba a yi masa wasali ba. Sai tsakanin shekara ta 600 da ta 1000 bayan haihuwar Almasihu malaman Yahudawa, musamman na birnin Tibariya, suka sa ɗige-ɗigen wasula.

Wajen shekara 250 kafin haihuwar Almasihu, Yahudawan Iskandariya, cikin ƙasar Masar ɗin kanta, suka juya littattafan Musa biyar zuwa Helenanci. Inda Ibrananci ya yi maganar bugun da aka yi wa Masar, suka sa kalmarsu plege, ma'anarta duka. Jerom, wanda ya juya Littafin zuwa Latin a Baitalami ya gama wajen shekara ta 405, ya sa plaga, ita ma duka ce. Daga Latin ta shiga Turanci. Bayan baƙar cutar da ta ratsa Turai daga 1347 zuwa 1351 ta kashe kamar mutum ɗaya cikin uku, a hankali kalmar ta manne wa cuta mai kisa, har aka kusa manta cewa asalinta duka ne.

Zuwan Littafin cikin Hausa kuwa yana da nasa labari. Wani Bajamushe ma'aikacin mishan ɗin CMS, J. F. Schön, ya shigo kogin Kwara a 1841 ya fara koyon Hausa. Wanda ya gyara masa Hausar shi ne Dorugu, yaro ɗan ƙasar Damagaram, wanda aka kama bawa yana ƙarami, aka kai shi Barno, daga baya aka 'yanta shi, ya bi matafiyin nan Heinrich Barth har Ingila a 1855. A 1859 aka buga Littafin Fitowa da Hausa. Ku duba ikon Allah, 'yan'uwa. Labarin fitar bayi daga Masar ya fara shiga Hausa ne da taimakon wanda ya san igiyar bauta a jikinsa. Dorugu ya komo gida, ya rasu a Kano a 1912. Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, Turawa da 'yan ƙasa, suka ci gaba har aka buga cikakken Littafi a 1932. Sabon juyin da ke hannun yawancinmu ya fito a 1979.

Masu juyi sun sami kalmar annoba, ko aloba kamar yadda tsofaffi ke faɗi, suka yi aiki da ita. Ba su yi laifi ba. Amma a kunnen Bahaushe annoba cuta ce mai yaɗuwa, alhali kalma ɗayan nan tana ɗauke da kayan kalmomi shida na Ibrananci.

Kalmomi shida da muke kira annoba

Abu na fari da zai ba ka mamaki shi ne Littafin Fitowa bai faɗi lamba goma ba. Masu karatu ne suka ƙirga: jini, kwaɗi, kwarkwata, ƙudaje, mutuwar dabbobi, marurai, ƙanƙara, fara, duhu, da mutuwar 'ya'yan fari. Zabura 78 da 105 sun maimaita labarin, amma jerinsu bai kai goma ba. Cikin goman kuwa biyu ne kaɗai cuta a fili, ta dabbobi da marurai.

Sunan da Allah ya ba su tun kafin a soma (Fitowa 7:3) kalmomi biyu ne, ot da mofet. Ot alama ce. Da ita aka kira bakan gizo a kwanakin Nuhu (Farawa 9:12-13), da ita kuma aka kira jinin da aka shafa a dogaran ƙofa daren Ƙetarewa (Fitowa 12:13). Mofet abin al'ajabi ne mai tsai da mutum ya yi tunani. Alama kuwa ba a yinta sai da saƙo. Fir'auna ya ce bai san Ubangiji ba (5:2), shi ya sa ake ta maimaita dalilin abubuwan nan, wato domin Fir'auna da Masarawa, har da Isra'ilawa da jikokinsu, su san wane ne Ubangiji (7:5, 7:17, 9:14, 10:2).

Sai kalmomi uku na duka. Makka bugu ne kamar na sanda. Ba ruwanta da sunan birnin nan na Saudiyya, kamar sauti ce kawai. Ita Filistiyawa suka faɗa da suka tuna abin da ya sami Masar (1 Sama'ila 4:8), ita ce kuma Yahudawa ke faɗa har yau in suna ƙirga goman a Idin Ƙetarewa. Nega daga taɓawa take, wato tabon da hannu ya bari, ita aka sa wa bugu na ƙarshe (Fitowa 11:1). Maggefa mummunan bugu ne mai kayar da jama'a, ana faɗinta ga cuta, ana faɗinta kuma ga kashin da aka sha a yaƙi (Fitowa 9:14, 1 Sama'ila 4:17).

Ta shida ita ce deber, ainihin abin da muke nufi da annoba. Cikin goman, aukuwa ɗaya tak Littafin Fitowa ya kira da wannan suna, mutuwar dabbobi (9:3). A 9:15 ma Allah ya gaya wa Fir'auna cewa da ya so da ya shafe shi da jama'arsa da deber, amma ya bar shi da rai.

Baƙaƙen deber uku ne, d da b da r, su ne kuma baƙaƙen dabar, wato magana. Haka muke rubuta fara, sai ka duba abin da ke kewaye kafin ka san ko farar da ke cin hatsi ce, ko farar riga, ko fara aiki. Masu juyin Helenanci da suka iso Zabura 91:3 sai suka karanta magana, suka ce Allah yana kuɓutar da mutum daga magana mai tayar da hankali. Malaman Tibariya suka sa wasulan annoba, su muke bi. Amma da na tuna gidan Yelwa sai na ce lalle akwai gidan da maganar mutane ta fi cutar zafi.

Ku lura kuma da yadda abin ya gudana a Masar. Annabi ne aka aika, zuwa ga sarki sananne, a kan laifi sananne. Yawancin lokaci an yi gargaɗi tukuna. Kafin ƙanƙara har an ce a shigar da dabbobi da ma'aikata cikin gida, fadawan Fir'auna da suka ji tsoron maganar suka tsira da nasu (9:19-21).

Abin da ƙasarmu ta gani

Ƙasar nan ta sha annoba iri-iri. Cutar bushiya, wadda ta shigo Afirka ta gaɓar Eritiriya a 1887, ta iso ƙasar Hausa da Barno wajen 1890, a wurare da yawa shanu tara cikin goma suka mutu. A 1918 mura mai kisa ta sauka da jirgin ruwa a Ikko, ta bi hanyar jirgin ƙasa zuwa arewa, an kiyasta ta kashe kimanin mutum rabin miliyan a Nijeriya. Cikin shekarun 1930 farar dango ta yi ta cinye gonakin kakanninmu. A 1996 sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 11,000. Ba ɗaya cikinsu da ta tambayi mutum yarensa ko inda yake sujada. Da allurar rigakafi kuma aka kawar da agana daga duniya a 1980, da bushiya a 2011.

Zazzaɓin da ya kashe maigidan Yelwa shi ma yana da tarihi. A watan Janairu 1969, a garin Lassa na ƙasar Margi, cikin jihar Barno ta yau, wata ma'aikaciyar jinya ta mishan mai suna Laura Wine ta kamu da zazzaɓin da ba wanda ya san shi. Aka kai ta asibitin SIM a Jos, ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ta kamu, ita ma ta rasu. A 1970 likitar asibitin, Jeanette Troup, ta yanke a hannu sa'ad da take binciken gawar wanda cutar ta kashe domin ta san yadda za a ceci saura, ta rasu a watan Fabrairu. Daga baya aka gano ɓera ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, yana barinta cikin fitsari da kashi a kan abinci. Jiharmu tana cikin jihohin da cutar ta fi damu, musamman da rani. To, in zazzaɓin Lassa tabon laifi ne, wane laifi matan nan uku suka yi?

Haka ma kuturta. Kalmar nega ta fito kusan sau sittin a Littafin Firistoci sura 13 da 14, tare da tsara'at, wadda aka juya mana kuturta. Amma tsara'at takan kama riga da bangon ɗaki (13:47, 14:34-37), abin da kuturtar da muka sani ba ta yi. Aikin firist a can shi ne dubawa, da keɓe mutum, da sake dubawa bayan kwana bakwai. Ba a ce ya tambaye shi zunubinsa ba. A 1873 likita Hansen na ƙasar Norway ya ga ƙwayar kuturta da madubin likita. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin SIM ya karɓi jinyar kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato, mu ma nan mun san Bayara. Tun farkon shekarun 1980 akwai haɗin magunguna masu warkar da ita sarai. Duk da haka an daɗe ana kallon kuturu kamar la'ananne, irin kallon da aka zo aka yi wa masu cutar ƙanjamau.

Kada wani ya ce na ce Allah bai taɓa horo da cuta ba. Ya hori Maryamu 'yar'uwar Musa (Ƙidaya 12), ya hori Gehazi (2 Sarakuna 5), bayan ƙidayar Dauda kuma deber ta kashe mutum 70,000 (2 Sama'ila 24:15). Amma a kowane wuri Littafin da kansa ya faɗi laifin, ta bakin Allah ko ta bakin annabi. Inda Allah bai yi magana ba, wanda ya ce ya san dalili ya shiga sahun abokan Ayuba, waɗanda Allah ya yi fushi da su (Ayuba 42:7). Almajirai sun yi wa Yesu irin tambayar Mama a kan mutumin da aka haifa makaho, ya ce ba zunubinsa ba ne, ba kuwa na iyayensa ba (Yahaya 9:1-3).

Mene ne hukunci?

Kalmar da ta ɗaure labarin Masar duka ita ce shefatim, hukuntai (Fitowa 6:6, 7:4, 12:12). Tushenta shafat ne. Daga shi aka sami shofet, alƙali ko mai mulki, da mishfat, shari'ar gaskiya. Mu nan in an ce hukunci, bulala da tara da gidan yari ne ke zuwa mana a rai. Hukunci da shari'a da alƙali duk daga Larabci Hausa ta aro su, a kotu muka saba jin su, tun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar Bauchi a 2001 kuma kalmomin suka ƙara nauyi a kunnen gidajenmu.

Shafat ya fi haka faɗi. Littafi na bakwai, wanda tsohon juyi ya kira Alƙalawa, sabon ya kira Mahukunta, sunansa da Ibrananci Shofetim. In ka karanta shi, ban da Debora da ke zama a gindin dabino tana raba gardama (4:4-5), da wuya ka ga ɗayansu yana sauraron ƙara. Aikinsu shi ne ƙwato jama'a daga hannun azzalumai (2:16). Otniyel da Ehud ma kai tsaye aka kira su masu ceto (3:9, 15). Mutanen Kartaj, tsohon birnin da ke Tunisiya ta yau, waɗanda harshensu ɗan'uwan Ibrananci ne, da wannan kalma suke kiran shugabanni biyu da suke zaɓa kowace shekara.

Shi ya sa mai zabura yake roƙon Allah ya yi masa shafat (Zabura 43:1), abin da mai hankali ba zai roƙa ba in ma'anarsa bulala ce kaɗai. Shi ya sa ake umartar masu mulki su yi wa maraya da matalauci shafat (Zabura 82:3, Ishaya 1:17), wato su ƙwato musu hakkinsu. Wanda aka ƙwace wa gona, ranar da alƙali mai gaskiya ya zauna ranar murnarsa ce. Hukuncin ɗaya ne, mai ƙwace ya tafi hannu banza, mai gona ya koma gonarsa.

Me ya tayar da shari'ar Masar? Kuka ne. Kalmar ita ce tse'aka, kukan wanda aka zalunta, mai kama da kai ƙara (Fitowa 3:7, 9). Fir'auna ya sa a jefa jarirai maza a kogi (1:22), ya hana bayi ciyawar tubali ya ce su kawo adadin da suka saba (5:7-8). A daren ƙarshe wannan kuka ya koma kan Masar (12:30). Bayan an fita kuma Allah ya juya maganar kan Isra'ila, ya ce in suka zalunci baƙo ko gwauruwa ko maraya, suka yi masa wannan kuka, zai ji, fushinsa kuma zai hau (22:21-24). Ashe gwauruwar Yelwa ba ita ce a gaban shari'a ba. Mu da muka guje mata, mu ya kamata mu ji tsoro.

Kalmomin ceto

A Fitowa 6:6-7, cikin numfashi ɗaya da maganar hukunci, Allah ya yi alkawari huɗu: zai fitar da su, zai kuɓutar da su, zai fanshe su, zai ɗauke su su zama jama'arsa. Yahudawa suna shan ƙoƙo huɗu a jibin Ƙetarewa domin tuna waɗannan.

Kuɓutarwa ita ce natsal, wato fizgewa. Ita Dauda ya faɗa a kan ɗan ragon da ya ƙwato daga bakin zaki (1 Sama'ila 17:34-37). Amos ma ya yi maganar makiyayin da ya fizgo ƙafa biyu ko guntun kunne daga bakin zaki (3:12). Mai yin natsal sai ya kusanci haƙoran.

Fansa ita ce ga'al, mai yinta kuwa go'el. A shari'ar Musa in talauci ya sa mutum ya sayar da gonarsa ko kansa, dangi na kusa ne zai biya ya dawo da shi (Firistoci 25:25, 47-49). Abin da Bo'aza ya yi wa Rut da Na'omi ke nan. Kakanninmu sun san wannan ba daga littafi ba. A ƙarni na 19, lokacin hare-haren kamun bayi, ƙauyuka da yawa a ƙasashenmu sun hau duwatsu. In an kama mutum, danginsa sukan tara wuri ko dabbobi su aika a nemo shi a fanshe shi. Bawan da ba shi da mai nemansa sai ya roƙi ubangidansa murgu, yana nema da kansa yana biya, ko wata rana ya tara abin fansar kai. Dokar Gwamna Lugga ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, Turawa suka ci Bauchi a Fabrairu 1902, amma sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Isra'ilawa a Masar ba su da abin biyan murgu, ba su da dangin da zai zo. Allah ya kira su ɗansa na fari (Fitowa 4:22), ya tsaya musu a matsayin dangi. An ce naka sai naka.

Sai yasha, ceto, wadda aka faɗa a bakin teku (14:13, 30). Daga ita aka sami sunan Yoshuwa, da Ishaya, da Yeshuwa, wanda muke kira Yesu. Mala'ika ya faɗi dalilin sunan, wato zai ceci mutanensa daga zunubansu (Matiyu 1:21).

Inda ya kamata mu tsaya

Akwai ranar da maggefa ta faɗa sansanin Isra'ila a jeji, wannan karo kuwa da laifinsu. Haruna, wanda shi ma suka yi wa gunaguni, ya ɗauki farantin turare ya sheƙa a guje cikin tsakiyar jama'a, ya tsaya tsakanin waɗanda suka mutu da masu rai, annobar ta tsaya (Ƙidaya 16:46-48). In firist ya yi haka inda laifin ya tabbata, balle mu da ba a gaya mana laifin kowa ba?

Akwai kuma wani kuskure da ya kamata mu guje wa. Tun rikicin Afrilu 1991, wanda ya fara a Tafawa Balewa ya iso cikin Bauchi, da waɗanda suka biyo baya, nakan ji ana addu'a Allah ya saukar wa maƙwabta annobar Masar. Wanda aka ƙone wa gida yana da ikon kai kukansa ga Allah, Allah kuwa yana ji. Amma a karanta Ishaya 19:20-25. Can Masarawa ne za su yi tse'aka, Allah ya aiko musu da mai ceto, ya yi musu natsal. Zai buge su ya kuma warkar da su, a ƙarshe ya kira Masar jama'arsa. Tun daren fita ma taron baƙi masu yawa sun bi Isra'ila (Fitowa 12:38).

Na ƙarshe, Ishaya 53:4. Annabin ya ce mun dubi Bawan Ubangiji mun ɗauka Allah ne ya buge shi, ya kuwa yi amfani da tushen nega da na makka, kalmomin Masar. Masu kallo sun ga tabon, suka yanke masa hukunci, ashe cututtukanmu da baƙin cikinmu ya ɗauka. Mu da aka fansa ta wurin wanda aka yi wa irin wannan zato, bai dace mu yi wa wani ba.

Na koma gidan Yelwa tare da matata da wasu 'yan zumuntar mata. Na ce, "Mama, na kawo amsarki. Littafin Allah bai ce maigidanki ya yi laifi ba, ni ma ba zan faɗa ba. Abin da ya ce shi ne Allah yana jin kukan gwauruwa." Ba ta ce kome ba, ta shiga ɗaki ta ɗauko mana tabarma.

'Yan'uwa, a bi umarnin ma'aikatan lafiya a kan jinya da jana'iza. A rufe abinci, a toshe ramin ɓera, zazzaɓin da ya ƙi jin magani a kai shi asibiti da wuri, gama rigakafi ya fi magani. Amma kwanon hatsi da kuɗin makarantar maraya da gaisuwar safe ba sa ɗaukar cuta. Zumunta a ƙafa take.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji, Alƙalin dukan duniya, kai da ka ji kukan bayi a Masar, ka ji kukan gwauraye da marayu da marasa lafiya na ƙasar Bauchi. Ka gafarta mana maganganun da muka faɗa a kan gidajen da ke makoki. Ka tsare bakinmu, ka ba ƙafafunmu hanzari irin na Haruna, ka albarkaci likitoci da masu jinya da maƙwabtanmu duka. Cikin sunan Yesu Mai Fansarmu. Amin.